SHUƊIN FENTI A ƘAHO

Shafi na 17

Daga Baffa Yero Mai Almakashi, Wunti

To, ga ni. Masu cewa tsoho ya mutu don kwana huɗu ban saka komai ba, ku kwantar da hankalinku. Na raka waɗanda suka fi ku gaggawa maƙabarta, na dawo da ƙafata. Ƙyanda ta gwada ni ta bari, yunwa ta gwada ni ta bari, a hannuna aka canza fam ta koma naira ina tsaye ƙyam. Ciwon gwiwa ne zai kai ni? Mai cewa in gyara rubutu kuma, ni ban taɓa zama a aji ba ko na wuni guda. Da yatsa ɗaya nake buga muku wannan, kuma duk karatunku babu wanda ya san abin da ake kira jangali sai da na faɗa muku harajin shanu ne.

Wanda ya shigo yau, ga inda muke. Jalo, telan Wunti da kekensa ke kusa da nawa, ya dangwala babban yatsansa a takardar wani kamfanin motoci na Jos, aka ba abokinsa Habila babbar mota bashi. Habila direba ne, tsohon soja, ba shi da gida ba shi da gona, shi ya sa sunan Jalo ne a takarda, shanun gidansu ne jingina. Wata biyar ba a biya ko sisi ba. Wata uku babu Habila babu mota. Jiya akawun kamfani, Mista Elias, ya zo har shago ya ce ran Litinin zai je Tirwun ya kora shanu arba'in da ɗaya.

*

Ran Alhamis ce, saura kwana tara a sauke tutar Bature.

An ba Jalo aikin ƙananan tutoci ɗari uku, kore da fari, waɗanda 'yan makaranta za su riƙe ranar. Ya ɗinka tamanin. Sauran ya danne su da dutsen guga, ya rufe shago bayan asuba, ya kama hanyar Tirwun a ƙafa, koren zare na manne a rigarsa bai sani ba.

Duk gari ana zancen 'yanci. Shi kuwa Litinin kawai yake lissafi.

Da hantsi ya iso ruga. Yana hawa tudu ya ja ya tsaya.

Ranar kanwa ce. An jiƙa ta a dogon komi, an tattaro shanun gidan kaf suna lasa, har da waɗanda kullum ake ɓoyewa a kwazazzabon bayan dutse. Ba a tara su wuri ɗaya sai irin wannan rana. Kuma a gindin kowane ƙahon hagu, in ka kula, akwai sauran shuɗin fenti da ruwan damina biyu bai gama wankewa ba.

Wansa Hammajoda yana tsugune yana ɗaure ɗan maraƙi. Yayarsa Hamsatu tana zaune a inuwar ɗorawa tana kaɗa nono a gora.

Ita ta fara ganinsa.

"A'a! Yau ɗan birni ya tuna da daji? Kuma hannu rabbana, ko ƙyallen ɗankwali babu?"

"Ina kwana, Adda. Ina kwana, Hamma."

Aka gaisa. Ya gida, ya ruwa, ya shanu, ya gajiya. Aka gama aka sake ɗaukowa daga fari. Hamsatu ta dama masa fura, ya riƙe ludayi a hannu har ƙudaje suka fi shi sha.

Hammajoda ba mai yawan magana ba ne. Ya gama ɗaurinsa, ya goge hannu a riga, ya zo ya zauna a kan turmi.

"Jalo."

"Na'am, Hamma."

"Tun da ka zo ba ka dube ni ba, ba ka dubi Adda ba. Ƙaho kake kallo. Mene ne a ƙaho?"

Jalo ya ajiye ludayi.

"Shuɗin nan..."

"Na allura. Na bara."

"Ba na allura ba ne."

Goran Hamsatu ya tsaya.

Hammajoda ya ce, "Sake faɗa."

"Bara, da ka tafi Darazo ta'aziyyar kawu, mutumin da na kawo ba malamin dabbobi ba ne. Akawun kamfanin mota ne. Ƙirga shanu ya zo yi. Duk wadda ya ƙirga sai ya shafa mata fenti."

Hamsatu ta miƙe tsaye.

"Mai gajeren wandon nan da doguwar safa?"

"Shi."

"Wanda na soya wa zabo? Wanda na ɗaure wa man shanu kwalba biyu, na ce Allah ya saka masa da ya tausaya wa dabbobinmu?"

"Adda..."

"Kai da bakinka ka ce in sa a fito da na kwazazzabo! Ka ce mai allura ba ruwansa da haraji, a fito da su duka kar cuta ta kama na ɓoye! Ni na riƙe masa gwangwanin fentin, Jalo. Da hannun nan!"

Hammajoda ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru, amma ba ta zauna ba.

"Ya ƙirga don me?"

"Jingina."

"Ta me?"

"Ta motar Habila."

"Nawa ya rubuta?"

"Arba'in da ɗaya."

"Da sunan wa?"

Jalo ya sunkuyar da kai. "Da sunana."

"Yanzu fa?"

"Habila bai biya ba. Saura fam ɗari huɗu da tamanin. Ran Litinin za su zo su kora su."



Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba, bari in faɗa muku. In ka ga garke a hannun mutum ɗaya, ba nasa ba ne shi kaɗai. Kowace saniya da mai ita. Bature da akawunsa suna ganin sanda ɗaya sai su ce dukiya ɗaya. Jalo kuwa a cikin garken aka haife shi, ya fi kowa sani.

Hammajoda ya miƙe, ya kama shi a wuyan hannu kamar yaro, ya ja shi har bakin komi.

"Nuna mini naka."

"Hamma, don Allah..."

"Nuna mini."

Jalo ya nuna. Ɗaya. Biyu. Da ya kai shida yatsansa ya sauka.

"Shida. Gadonka ke nan, ban taɓa cin ko gashin wutsiyarsu ba. Waɗancan sha uku na Adda ne, sadakinta da abin da Inna ta bar mata. Ashirin da ɗaya nawa ne da 'ya'yana. Nawa ke nan?"

"Arba'in."

"Ta ƙarshen fa?"

Jalo ya dube ta. Ya san ta. Jar saniya ce mai fari a goshi, tana tsaye can gefe.

"Saniyar aro ce. Mutumin Darazo ya ɗauro mini ita don zumunci, ta haifa mini uku in mayar masa da uwar. Ta haifi biyu. Saniyar da ko sanda ba na ɗaga mata, in ruwa ya yi ƙaranci ita ke fara sha kafin nawa. Ka sa mata fentin kamfani. In je Darazo in ce masa me? In ce ƙanena ya saya wa direba mota da ita?"

"Na zaci zai biya, Hamma. Wallahi na zaci shekara biyu an gama, fentin ya goge, babu wanda ya ji."

"Ka zata."

Hammajoda ya shiga bukka. Ya fito da wani gwangwanin sigari a naɗe cikin fata, ya buɗe, ya zaro ƙananan takardu da suka yi jajir don tsufa.

"Ni ban iya karatu ba. Amma na san abin da nake biya. Rasit ɗin jangali ne, na shekara tara. Ka san nawa ne a ciki?"

"Na sani."

"Faɗa."

"Sha huɗu."

"Sha huɗu. Shekara tara malamin jangali yana zuwa nan da littafinsa, ina tsayar masa da sha huɗu, Arɗo yana tsaye yana shaida cewa iyakarsu ke nan. Kai kuma ka je Jos ka rubuta arba'in da ɗaya."

"Takardar kamfani tana Jos, Hamma. Ta En'e, hukumar sarki, tana Bauchi. Ban ga abin da zai haɗa su ba."

"Ka ga wanda zai kora garke daga Tirwun ya ratsa gari da shi En'e ba ta sani ba? Ran da aka fito da arba'in da ɗaya daga rugar da ke biyan sha huɗu, kamfani ya ɗauki shanu, alƙali ya ɗauke ni. Arɗo kuma a tuɓe masa rawani saboda ni."

Hamsatu ta ce, "To a tsayar musu da sha huɗun mana. A mayar da sauran kwazazzabo. Su ɗauki shidansa, mu san yadda za mu yi da takwas."

Jalo ya girgiza kai.

"Akawun ya riga ya faɗa mini. In aka tarar da ƙasa da abin da na dangwala wa yatsa, ba bashi ba ne kuma, zamba ce. Gidan yari. Shekara uku, in an tausaya."

"In ka sayar da keke fa?"

"Fam goma za a ba ni."

"Gidan Wunti?"

"Haya nake, Adda. Kin sani."

Hamsatu ta zauna a ƙasa, ba a kan tabarma ba.

"Me ya kai ka? Abin da nake so in ji ke nan. Ko asiri ya yi maka?"

"Babu asiri."

"To mene ne?"

Jalo ya tsinci koren zaren da ke rigarsa, yana naɗawa a yatsa.

"Shekarar da annobar bushiya ta shiga garken Baba, kun tuna yadda na shiga gari. Sanda kawai da rigar jikina. A rumfar mahauta nake kwana. Habila ya dawo daga yaƙi da kuɗin sallamarsa, bai san ni ba ban san shi ba, addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba. Ya ga ina ɗinke yagaggiyar rigata da allura, ya ce hannunka na tela ne. Ya saya mini keke, fam goma sha biyu. Bai kira shaida ba. Bai sa na dangwala yatsa a komai ba. Duk gishirin da na aiko muku, duk atamfar da kika ɗaura, daga keken nan suka fito."



Hammajoda ya ce, "Wannan na sani, kuma ban raina ba. Da shidanka ka ba shi, da ni zan kora masa su har ƙofar gida. Ina tambayarka talatin da biyar."

Nan ne fa Jalo ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ni na san abin da ya faru, don ina wurin, ƙafata tana kan keke.

"A shago ya yi zancen, Hamma. Teloli duk suna zaune. Bai ma roƙe ni ba. Cewa ya yi kamfani na neman mai dukiyar da ta kai shanu arba'in, shi kuma bai san kowa ba. Sai wani ya ce, ai ga Jalo mai shanu."

"Sai?"

"Shekara goma suna ce mini mai shanu. In an zo zancen arziki su ce ku bar Bafulatani, shi ɗinki wasa yake yi, dukiyarsa tana daji. Ban taɓa ce musu a'a ba."

"Sai ka kasa cewa shida."

"Na kasa."

"Wato ba don Habila ba ne ma. Don kar teloli su yi maka dariya ne."

Jalo ya rufe fuska da hannu biyu.

Hamsatu ta ce, "Shi Habilan me ya ce? Ka je ka kama shi mana, ya biya abinsa."

"Ina zan gan shi? Wata uku ke nan. Na je Jos, na je Gombe, na je ƙauyensu. Matarsa ta ce ita ma ba ta sani ba. Akawun ya ce kamfani ya baza mutane ko'ina, babu motar babu labarinta. Wasu na cewa ya tsallaka iyaka da ita."

Hamsatu ta karkata kai.

"Wace iyaka?"

"Ta yankin Faransawa, aka ce."

"Habila dogon nan mai tabo a haɓa?"

"Shi."

"Ai na gan shi."

Jalo ya sauke hannu.

"Yaushe?"

"Kwana goma ke nan. A sansanin leburorin da ke shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Can nake kai nono yanzu, sun fi mutanen gari biya. Dutse yake ɗebo musu."

"Ba shi ba ne, Adda. Motarsa ja ce, da an gan ta."

"An shafe ta da kore. Amma ni ba da fenti na gane ta ba. Ka tuna atamfata mai zanen kifi, da na ba ka yadi shida ka dawo mini da biyar, ka ce ta shige a wanki? Ga ta can a kujerar direba, ka ɗinka mata riga. Ko a kabari na ga kifin nan zan gane shi, ɓarawon tela."

Jalo ya tashi tsaye.

"Kin yi masa magana?"

"Ya sayi fura ta kwabo biyu. Da ya ɗago ya ga ni ce, ƙwarya ta kusa faɗuwa. Ya ce, Adda, don girman Allah kar ki ce wa Jalo kin gan ni, akwai abin da nake gyarawa. Na zaci faɗanku ne na abokai, na ce ba ruwana."

"Kwana goma kina riƙe da wannan!"

"Kai shekara guda kana riƙe da naka! Kar ka ɗaga mini murya!"

Hammajoda ya ce, "Shi kaɗai ne a motar?"

Hamsatu ta ja da baya. Ta dafe ƙirji.

"Wayyo ni."

"Mene ne?"

"Shi ya sa ban damu ba. Na ga yana tare da mutumin kirki. Malamin dabbobin nan yana zaune a gaba, yana rubutu a ɗan littafi, duk sawun dutse ɗaya ya ja layi ɗaya. Har ya ɗaga mini hannu, ya ce man shanuna ya yi daɗi."



Jiya-jiyan nan Mista Elias ya zauna a bencin Jalo, ya sha ruwansa, ya rantse da littafin addininsu cewa wata uku bai sa motar a ido ba.

Hammajoda bai tsaya tambaya ba. Ya sunkuya ya ɗauki sandarsa.

"Adda, naɗe tabarmi. Kwance maruƙa. Ba sai dare ba, yanzu za mu tashi. In muka shiga duwatsu kafin la'asar, ko soja ba zai same mu ba."

"Jalo fa?"

Hammajoda bai waiwayo ba.

"Jalo ya zaɓa. Ko ya ɗauki sanda ya bi mu, ya manta da keke da Wunti har abada, ko ya koma gari ya jira Litinin."

"Matata da yara suna gari, Hamma. In na gudu, su za a kama."

"In ka tsaya, kai za a kama."

"In kun tsaya..."

"Ba za mu tsaya ba."

Hamsatu tana kuka tana naɗe tabarma. Jalo yana tsaye tsakanin bukka da komi, ya kasa ɗaga ƙafa ko gabas ko yamma.

Sai jar saniya ta ɗaga kai daga kanwa, ta miƙe kunnuwa.

Sauran ma suka ɗaga.

Daga ƙasan tudu aka ji gurnanin inji, yana nishi a cikin taɓo. Sannan ƙahon mota, sau biyu gajeru, sau ɗaya dogo. Haka Habila ke yi duk lokacin da ya wuce ƙofar shago.

Hanya ɗaya ce ke shiga rugar nan, kuma motar tana kanta.

Koriya ce. Ta hau tudu ta tsaya a gicciye, ta toshe mashigar. 'Yan doka biyu masu jar dara suka diro daga baya. Ƙofar gaba ta buɗe, Mista Elias ya sauko da gajeren wandonsa da doguwar safa, takarda a hammata, yana tsallake kashin shanu.

"Malam Jalo! Ashe kana nan. Ka rage mini wahala."

"Litinin ka ce."

"Na ce Litinin, i. Amma shekara shida ina wannan aiki. In ka ce wa mai shanu Litinin, ka zo Litinin, igiya kawai za ka samu." Ya dubi komi, ya yi murmushi. "Kuma an faɗa mini yau ranar kanwa ce."

Jalo ya dubi gaban motar. Habila yana zaune a kan kifin Hamsatu, hannu biyu a sitiyari, idonsa a kan gwiwarsa. Ya rame har tabon haɓarsa ya fito fili.

Mista Elias ya ce, "Kamfani ba ya taɓa dabba sai da shaidar hukuma. Na roƙi a ba ni wanda ya iya ƙirga shanu." Ya juya. "Malam, bismilla, sauko a hankali."

Wani dattijo mai farin rawani ya sauko daga motar, riƙe da babban littafi mai baƙin bango.

Gwangwanin sigari ya suɓuce daga hannun Hammajoda. Rasit suka watse a taɓo.

Malamin jangali ne.

Ya gyara rawani, ya ce, "Hammajoda, kwana biyu. Ashe rugarka za a kawo ni." Sai ya dubi garken. Leɓensa ya fara motsi da kansa, yatsansa na bin ƙaho.

"...sha biyu, sha uku, sha huɗu."

Ya tsaya. Ya dubi Hammajoda. Ya sake duban garken.

"Sha biyar."

Bai sake tsayawa ba sai da ya kai arba'in da ɗaya.

Ya buɗe littafinsa, ya lashi bakin alƙalami. Mista Elias ma ya buɗe tasa takardar, ya zare nasa alƙalamin daga aljihu.

Malamin ya ce, "A wurina sha huɗu ne, na Hammajoda. A wurin wannan bawan Allah arba'in da ɗaya ne, na Jalo. Ɗayanku ya yi wa hukuma ƙarya. Kai tela, kai ka dangwala yatsa. A gaban 'yan doka nake tambayarka, kuma abin da ka faɗa shi zan rubuta. Shanun nan na wane ne?"

Jalo ya dubi wansa. Ya dubi yayarsa. Ya dubi jar saniya.

Ya buɗe baki.

Injin motar ya mutu. Ƙofar direba ta buɗe.

"Jalo," in ji Habila, "kar ka amsa."